Agwagwar Itace da Masu Neman Ta

A ƙarshen watan Afrilu, garin Ocean City da ke gaɓar teku a jihar Maryland ta Amurka yakan cika da baƙi masu rungume da akwatuna. Agwagi ne a cikin akwatunan, amma na itace. Sababbi ne fil, an kawo su gasar Ward, wadda aka fara a 1971, wadda kuma masu wannan sana'a suke ɗauka a matsayin gasar duniya. A cikin watan dai, a wajen birnin Chicago, wani taron yakan ci, shi kuma na masu tara tsofaffin agwagin ne, waɗanda suka sha ruwa da rana, fenti ya koɗe, wasu har da tabon harsashi a jiki. Mutanen taron farko suna gudun aibi komai ƙanƙantarsa. Na biyu kuwa, idan aibin na asali ne, kuɗi suke biya a kansa.

Asalin abin ba ado ba ne, kayan farauta ne. Agwagwar daji tsuntsuwa ce mai son jama'a. Idan tana shawagi ta hango 'yan'uwanta zaune a kan ruwa hankali kwance, sai ta ɗauka akwai abinci a wurin, babu kuma abin tsoro, ta sauko. Maharba suka gane wannan hali nata. Sai mutum ya sassaƙa agwagi, ya ɗaura wa kowace igiya da ɗan nauyi don kada ruwa ya tafi da ita, ya jera su, ya bar fili a tsakani inda yake so ta gaskiyar ta sauka, sa'annan ya laɓe. Dole ya lura da iska, domin agwagwa iska take fuskanta idan za ta sauka.

Ba Turawa suka ƙirƙiro dabarar ba, a Amurka suka tarar da ita. A 1924 masu binciken tarihi suka tono agwagi 11 a kogon Lovelock da ke jihar Nevada, waɗanda 'yan asalin ƙasar suka ɗaure da karan wata ciyawar fadama, suka manna wa wasunsu gashin tsuntsu na gaske. Shekarunsu sun kai wajen 2,000. Turawan da suka zo daga baya itace suka mayar da abin.

Kasuwar ta buɗe sosai bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865. Jirgin ƙasa ya haɗa gaɓar teku da manyan birane, gidajen abinci na Baltimore da Philadelphia da New York suna neman naman agwagwar daji, musamman wadda suke kira canvasback, mai jan kai da farin baya. Aka sami mutanen da ba su da sana'a sai harbin agwagi suna cika ganguna suna aikawa. A mashigin ruwan Chesapeake akwai masu kwanciya a cikin wani akwati da ake nutsar da shi daidai fuskar ruwa, a kewaye shi da ɗaruruwan agwagin itace. Mai buƙatar ɗaruruwa kuwa dole ya nemi masassaƙi. Har masana'antu aka kafa, irin ta Mason a Detroit, wadda ta yi aiki daga 1896 zuwa 1924.

Ɓarnar ta yi yawa, tsuntsaye suka ragu ƙwarai, hukuma ta shiga. Dokar 1918 ta hana sayar da tsuntsayen daji masu ƙaura, wannan sana'ar ta mutu. A 1935 aka hana akwatin nutsewar, aka kuma hana ɗaure agwagwa mai rai don ta kira 'yan'uwanta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu roba ta shigo, ga araha ga rashin nauyi. Agwagin itace suka koma tarkace a rumfuna, da yawa ma aka hura wuta da su lokacin sanyi.

Wani mai zanen gine-gine a New York, Joel Barber, yana cikin waɗanda suka fara ganin cewa akwai gwaninta a wannan tarkacen. Ya yi ta tarawa, ya wallafa littafi a kansu a 1934, abin da ya tara kuma yana gidan tarihi na Shelburne a jihar Vermont. Daga nan ne mutane suka fara tambayar da ta canza komai: wa ya sassaƙa wannan?

Wanda ya shiga zauren gasar Ward zai fara cin karo da dogayen tebura, an raba aiki rukuni-rukuni, daga na yara da na masu koyo har zuwa na gwanaye. Inda jama'a suka fi yin dafifi shi ne bakin tankin ruwa. Nan ake saka agwagin da aka ce na ruwa ne, alƙalai su zagaya suna kallo. Ba kyau kaɗai ake dubawa ba. Ana so a ga ko ta zauna daidai, ba ta karkata gefe, ƙirjinta bai nutse ba, wutsiyarta ba ta ɗaga sama fiye da kima ba. A rukunin agwagin farauta har kifar da ita ake yi, a ga ko za ta juyo da kanta ta zauna, domin a ruwa mai igiya agwagwar da ta kife ta tsaya a haka korar tsuntsaye take yi. Sirrin yana ƙasa, a ɗan katakon da ake mannawa a cikinta da dalmar da ake sakawa don daidaita nauyi. Mutum zai yi watanni yana aiki, ɗan guntun dalma da ya goce ya kayar da shi. Alƙalai suna tsame waɗanda suka gaza ɗaya bayan ɗaya, mai ita yana tsaye yana kallo, ba shi da ta cewa.

Ɗaya ɓangaren na ado ne zalla, kuma shi ne yake sa baƙo riƙe baki. Ana yin su da wani itacen fadama da suke kira tupelo, mai laushi, mai karɓar siririn zane. Kowane gashi sai an fitar da shi, sa'annan a bi da wani alƙalami mai zafi a ƙona layukan cikinsa ɗaya-ɗaya, a sa idon gilas, a yi ta shafa fenti sama-sama har sai launi ya fito yadda yake a jikin tsuntsu. Mutane sukan miƙa hannu don su tabbatar ba gashin gaske ba ne, abin da masu tsaron teburan ba sa so ko kaɗan.

Sunan gasar na wasu 'yan'uwa biyu ne, Steve da Lem Ward, masu aski a garin Crisfield. Idan babu mai aski sai su koma sassaƙa, Steve ya fi riƙe wuƙa, Lem ya fi riƙe buroshi. Ba su kaɗai ba ne masu wata sana'ar daban. Madison Mitchell na garin Havre de Grace aikinsa shirya jana'iza ne, sassaƙa kuwa a shagon bayan gida yake yi. Yau garin yana da gidan tarihin agwagin itace, yana kuma kiran kansa hedikwatarsu ta duniya.

Taron masu tarawa wata duniya ce daban. Kafin a buɗe babban zaure, a ɗakunan otal ake fara ciniki. Dillali ya bar ƙofarsa a buɗe, ya baje kaya a kan gado da tebur da bakin taga, masu saye suna bin ɗaki-ɗaki. Wanda ya san harkar, da ya ɗauki agwagwa sai ya juya ta ya dubi ƙasanta, domin a nan ake samun tambarin da aka ƙona na mai sassaƙa ko na maharbin da ya mallake ta. Daga siffa kawai yakan faɗi inda ta fito. Ta New Jersey akasari an rarake cikinta don ta yi sauƙi a ƙaramin kwalekwale, ta Chesapeake kuwa dunƙulalliya ce mai nauyi, saboda ruwan can mai faɗi ne mai igiya.

Sai maganar fenti, wadda ita ce uwar ciniki. A da, maharba sukan sake wa agwaginsu fenti kafin lokacin farauta, don haka wadda ta tsira da fentinta na farko ba ta da yawa, kuma tana iya ninka 'yar'uwarta kuɗi sau da dama. Shi ya sa za ka ga mutum ya shiga banɗaki da agwagwa ya kashe fitila, ya haska ta da wani toci mai shuɗin haske, wanda yake tona inda aka yi ƙarin fenti ko aka cike tsaga. Masu tsadar gaske har hoto ake ɗaukarsu irin na ƙashi a asibiti, a ga ko an sake kai, ko an haɗa baki da ya karye, a ƙirga ƙusoshi da harsasan da ke ciki. Inda kuɗi ya shiga jabu ba ya rasa biyowa, akwai masu sassaƙa sabuwa su tsufar da ita da gangan. Abin da ya fi ba masu tarawa takaici shi ne magajin da ya tsinci ta kakansa, ya ga ta yi dauɗa, ya goge ta da samfefa ya shafa mata sabon fenti don ya gyara. Ya gama da ita ke nan.

Farashin yana da ban mamaki. A 1973, a gwanjon kayan wani mai tarawa, William Mackey, aka sayi sassaƙen wani tsuntsun bakin ruwa mai dogon baki a kan dala 10,500, jama'a suka ce abin ya wuce hankali. Amma dubi tafiyar wata agwagwa guda da Elmer Crowell na jihar Massachusetts ya sassaƙa, mai tsinin wutsiya, ta waiwaya tana gyaran gashi. A 1986 dala 319,000, a 2003 dala 801,500, a 2007 kuma dala miliyan 1.13. Irin wannan agwagwa mai tsinin wutsiya, af, ita ce take zuwar mana fadamar Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi lokacin hunturu, daga Turai da arewacin Asiya. Kada dai mai karatu ya ɗauka duk haka kasuwar take. Akasarin abin da ke kan teburan na 'yan ɗaruruwan daloli ne ko ƙasa da haka, kuma yawancin masu zuwa dattawa ne da suka zo ganin abokai da musu a kan wane ne ya yi wace.

Ni dai a ganina tsofaffin na aiki sun fi na adon gwaninta. Mai na ado yana da wata shida da hotuna da injuna. Mai na aiki ɗan gatari ne da wuƙa da magagari, ga oda ta dozin-dozin tana jira, dole ya zaɓi abin da zai bari. Da layi uku ko huɗu na fenti da yadda ya ajiye wuya sai ya kama halin tsuntsun, har na gaskiya ya ruɗu daga sama. Kuma alƙalinsa ba mutum ba ne, agwagwa ce, ko ta sauko ko ta wuce.

Mu ma muna da irin namu. Maharbin ƙasar Hausa yana ɗaura kan burtu a goshi, wanda akan yi da itace da fata, wani lokaci da bakin burtun gaske, ya lulluɓe da baƙin zane ya duƙa yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har ya kusanci dabba. Irin waɗannan kawuna suna nan a gidajen tarihi da shagunan dillalan kayan gargajiya na Turai da Amurka, akasari an rubuta musu Hausa da Najeriya kawai, babu sunan wanda ya yi, babu garinsa. Duk wanda yake da irinsa a gida, na uba ko na kaka, kada ya goge shi, kada ya shafa masa komai. Ya je wurin dattawan da suka rage ya tambayi wanda ya sassaƙa shi, da garin, da maharbin da ya yi aiki da shi, ya rubuta a takarda ya ajiye tare da shi.