Zaɓen Sabuwar Firiza a Unguwar Madabo

A da, magidantan Madabo soya naman layya suke yi ko su shanya shi. Yanzu firiza ke adana shi, in ta lalace kuwa, asara ta auku.

Mai neman sabuwa ya lura da abu uku. Na farko, mai buɗewa ta sama ta fi riƙe sanyi bayan an ɗauke wuta, domin iska mai sanyi tana da nauyi, ƙasa take kwanciya. Na biyu, ya nemi mai alamar "T", wadda ke jure zafi har digiri 43, tunda bazarar Kano takan kai 40. Na uku, ya auna ƙofar zaure kafin ciniki, kada a kawo kaya su ƙi shiga.