Katako ko mikro: me ke ba jitar lantarki muryarta?

Jitar lantarki ta daɗe da zama 'yar gida a bukukuwan Agadez, kuma makaɗa irin su Bombino da Mdou Moctar sun kai kiɗan Sahara har Turai da Amurka. Matashin da ya tara 'yan kuɗinsa don sayen jita ta hannu a Yamai, Garwa ko Njamena yakan ji dillali na kambama katakon da aka yi ta da shi, domin ya ƙara farashi. To, katakon ne ke ba ta murya?

A goge ko gurmi, ƙwarya da fata ne ke amsa kaɗawar tsirkiya su fitar da sauti. Jitar lantarki kuwa gangar jikinta katako ne marar rami, kuma idan ba a jona ta da amfilifaya ba, da ƙyar ake jin ta. Aikin yana ga ɗan abin nan da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda makaɗa a ƙasashe masu amfani da Faransanci ke kira mikro. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a samansa, sai ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin wayar, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Motsin ƙarfe yake kamawa, shi ya sa tsirkiyar leda ba ta aiki a kansa.

Irin mikro ne ke fara raba murya. Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954, tana da mikro uku masu naɗi guda. Muryarsu siririya ce mai kaifi, amma suna kwaso ƙugin wutar gida, wadda a ƙasashen yankin nan ke juyawa sau 50 a daƙiƙa. Don maganin ƙugin ne Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson mikro mai tagwayen naɗi, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Naɗin biyu suna kashe ƙugin juna, muryar kuma ta yi kauri. Wurin da aka dasa shi ma yana da tasiri: na kusa da gindin tsirkiya ya fi kaifi, na kusa da wuya ya fi taushi.

Katako fa? Yana shan wani ɓangare na ƙarfin tsirkiya, don haka yana iya shafar tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu. Sai dai gwaje-gwajen Farfesa Manfred Zollner na Regensburg a Jamus sun nuna tasirin gangar jikin kaɗan ne. A 2022 wani makaɗi a Amurka, Jim Lill, ya ɗaure tsirkiyoyi tsakanin teburin aikinsa da wasu injuna masu nauyi, ba gangar jiki ko kaɗan, ya sa mikro, sautin ya fito kusan daidai da na cikakkiyar jita. Masu cewa Les Paul ta bambanta da Stratocaster saboda katako sukan manta cewa mikro ɗinsu ba ɗaya ba ne, tsawon tsirkiya ma haka: kimanin milimita 628 a ta farko, 648 a ta biyu.

Abin sha'awa, ɗaya daga cikin katakan da masu ƙera jita ke nema daga Afirka yake fitowa, daga dazuzzukan Ghana da Kamaru, kuma ɗan'uwan maɗaci ne.

Inda katako ke da nauyi a lissafin mai saye shi ne ƙarko. Hunturu na busar da shi, damina ta kumbura shi, wuyan da bai bushe da kyau ba sai ya lanƙwashe, tsirkiyoyi su yi nisa da yatsu ko su riƙa karo da ƙarafan wuyan. Don haka mai saye ya fara duba miƙewar wuya, ya jona jitar ya saurari kowane mikro shi kaɗai, ya murɗa maɓallan ƙara ya ji ko suna ƙaraf-ƙaraf. Mikro da ya lalace ana canza shi da sukurdireba da dalma, amma gyaran wuyan da ya murɗe yakan ci kuɗin wata jitar.