Awa uku a yini: yadda wata marubuciya ta yi tattalin ƙarfinta

Mun saba jin ana cewa rubuta littafi aikin marasa aikin yi ne, waɗanda ba su da tukunya a kan murhu. To yau za mu leƙa jihar Jojiya ta ƙasar Amurka, gidan wata mata mai suna Flannery O'Connor, wadda aka haifa a 1925, domin mu ga yadda ta kasa yininta.

A ƙarshen 1950, tana da shekara 25, ciwon da likitoci ke kira lufus ya kayar da ita. Ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin da take tsaro, ta taɓa gaɓoɓi da fata da ƙoda, ta bar mutum da gajiyar da barci ba ya maganinta. Shi ne ya kashe mahaifinta a 1941. Dole ta baro arewacin ƙasar inda ta je neman suna, ta komo wurin uwarta Regina, suka zauna a wata gonar shanun madara kusa da garin Milledgeville. Aka ba ta ɗaki a ƙasa saboda hawan bene ya gagare ta, kuma daga 1955 sai da sandunan dogarawa take tafiya, don ƙashin ƙugunta ya lalace.

Ga yadda yinin yake. Da sassafe ta yi addu'a, su sha kafe ita da uwarta, su shiga gari zuwa majami'a wajen ƙarfe 7, domin ƴar Katolika ce mai riƙo. Daga ƙarfe 9 zuwa 12 na rana tana gaban keken rubutunta, kullum wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Wata rana ba a samun abin kirki, amma ba ta tashi, domin a ganinta idan ba ta zauna ba, ranar da abin zai zo ba zai tarar da ita ba. Duk mai tebur a kasuwa ta san wannan: ranar da ba ciniki ma sai an kasa kaya. Da rana ta yi tsaka ƙarfinta ya ƙare. Sauran yinin na abubuwa masu sauƙi ne, karɓar baƙi, amsa wasiƙu, zane, da kallon tsuntsayenta, don tana kiwon ɗawisu masu yawa da ke cinye wa uwarta furanni. Ba ta kai dare.

Abin lura shi ne, ba ta jira ta warke ba, kuma ba ta yi gardama da ciwon ba. Ta gane cewa ƙarfin safiya shi ne ɗan jarinta, sai ta hana a ci shi a hidimar da wani zai iya yi. Da wannan ta fitar da littafin Wise Blood a 1952, da The Violent Bear It Away a 1960, da gajerun labarai kimanin 30.

Sai dai a nan muke da magana. Masu yabon O'Connor sun cika faɗin naciyarta, su manta da Regina. Wa ke kula da shanu da ma'aikatan gona da lissafin kuɗi? Wa ke tuƙa ta zuwa gari, wa ke kula da abincinta lokacin da likita ya hana ta gishiri? Awa ukun nan ba daga sama suka faɗo ba, tsohuwar ce ta saye su da guminta, ko da yake ba kasafai take gane abin da ƴarta ke rubutawa ba.

Wadda ba ta samu irin wannan gata ba ita ce Buchi Emecheta, haifaffiyar Legas, da ta bi mijinta Landan a 1962. Mijin ya ƙone littafinta na farko tun yana kan takarda. Ta fita daga gidan tana da shekara 22, ta riƙe yara 5 ita kaɗai, tana aikin albashi da rana, tana karatun jami'a da dare. Nata lokacin rubutun asuba ce, kafin yara su farka, sauran kuma a teburin cin abinci, suna wasa kewaye da ita. Littafin da aka ƙone ta sake rubuta shi, ya fito a 1976 da sunan The Bride Price.

Ita kuwa O'Connor, aikin tiyatar da aka yi mata a farkon 1964 ya tayar da ciwon. A gadon asibiti ta ci gaba da gyaran labaranta na ƙarshe, tana ɓoye takardu a ƙarƙashin matashin kai don kada a hana ta. Ta rasu ranar 3 ga Agusta 1964 tana da shekara 39. Regina ta rayu har 1995.