Kiwon Kaji a Bayan Gida: Yadda Hunturu Ke Cinye Jarin Ƙananan Makiyaya

A kowace shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, farashin kaji yakan soma hawa a kasuwannin ƙasar nan saboda gabatowar bukukuwan Kirsimeti da na sabuwar shekara. A wannan lokaci ne fatake suke kutsawa cikin ƙauyukan arewa suna tattara kajin gida da zabi, suna loda su cikin kwanduna zuwa Legas da Ibadan da Fatakwal da sauran biranen kudu. Sai dai a daidai lokacin da kaza ta fi daraja ne kuma annobar da ta fi kowace hallaka kajin gida takan ɓarke, ta yadda magidancin da ya shafe watanni yana ɗawainiya da kaji talatin ko arba'in zai iya wayar gari cikin mako guda ba shi da ko biyar.

Wannan hasara ba ta cika shiga lissafin masu nazarin tattalin arziki ba, domin kuwa ba a manyan gidajen gona take aukuwa ba. Amma duk wanda ya san zaman karkara da na unguwannin bayan gari ya san cewa kaza ita ce asusun gida, musamman ga mata. Da ita ake sayen magani idan yaro ya kwanta, da ita ake cika kuɗin makaranta, da ita ake fita kunyar baƙo. A birane ma ma'aikata da 'yan fansho da dama sun mayar da bayan gidajensu wurin kiwon kaji hamsin ko ɗari domin ƙarin abin shiga. Ga irin waɗannan mutane, riba ko faɗuwa ba a wurin ciniki ake yanke ta ba. Tun a akurki ake yanke ta, watanni kafin mai saye ya zo.

Cutar da ake magana a kanta ita ce Niyukasil, wadda ta samo sunanta daga wani gari a Ingila. An fara gano ta a shekarar 1926, a Nijeriya kuwa an tabbatar da ɓullarta a yankin Ibadan a tsakanin ƙarshen 1952 da farkon 1953, kuma tun daga lokacin ba ta bar ƙasar ba. Alamunta sanannu ne ga duk mai kiwo: kaza ta takure ta saki fukafukai, ta riƙa buɗe baki tana neman numfashi, ta yi zawo kore, wata kuma wuyanta ya murɗe ta riƙa zagaye wuri guda. A garken da ba a yi wa riga-kafi ba, tana iya kashe kusan duka.

Abin da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi shi ne yadda ciniki kansa yake yaɗa cutar. Kaza takan ɗauki ƙwayar cutar ta yi kwana biyar ko shida, wani lokaci har mako biyu, ba tare da ta nuna wata alama ba. Idan mutuwa ta fara a wani gida, abin da mai gidan yakan yi shi ne ya kwashi waɗanda suka rage ya ruga da su kasuwa kafin su ma su faɗi. Dillali ya zuba su cikin keji ɗaya da na wasu garuruwa, wani kuma ya ga araha ya sayi zakara ya kai gida ya sake shi cikin nasa. Bayan mako guda sai a ce iska ce ta kawo ciwon. Iskar hunturu da ƙurarta da sanyin dare suna da nasu laifin wajen raunana kaji, amma sau da yawa a cikin kwando cutar take shigowa, ko a tafin takalmin mai sayen ƙwai, ko a jikin kiret ɗin da ya zaga gidaje goma. Saboda haka likitocin dabbobi suke jaddada cewa duk kazar da aka sayo ko aka samu kyauta, a ware ta nesa da sauran na aƙalla mako biyu, haka nan wadda aka kai kasuwa ba a sayar ba aka dawo da ita. Agwagi ma suna iya ɗaukar ƙwayar cutar ba tare da sun nuna ciwo ba, don haka kwana wuri ɗaya da kaji bai dace da su ba.

Cutar Niyukasil ba ta da magani idan ta kama, riga-kafi kaɗai take da shi. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda take wannan wuri tun 1924, tana sarrafa nau'o'in riga-kafin cutar, ciki har da Lasota da Komarov waɗanda gidajen gona suka saba da su. Matsalar waɗannan ita ce sai an adana su cikin sanyi tun daga inda aka yi su har zuwa bakin akurki, abin da ke da wuya a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Wannan ne ya sa nau'in da ake kira I-2, wanda masana a Jami'ar Kwinsland ta ƙasar Ostireliya suka samar musamman domin kajin karkara, ya zama mai muhimmanci. Ya fi sauran jure zafi, ɗigo ɗaya ake sakawa a idon kowace kaza, babba ko ɗan tsako, kuma ana maimaitawa bayan kowane wata huɗu. Cibiyar ta Vom tana yin sa.

Inda mutane da yawa suke kuskure shi ne lokaci. Jikin kaza yana buƙatar kimanin mako biyu bayan riga-kafi kafin garkuwarta ta kafu, ke nan wanda ya jira sai ya ji mutuwa a gidan maƙwabci ya makara. Mai son kajinsa su kai kasuwar Disamba, a watan Oktoba ya kamata ya yi musu. Kuma ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu, domin ba zai tashe ta ba, sai dai ya jawo a ce riga-kafin ne ya kashe ta, maganar da ta sa ƙauyuka da dama suka juya wa ma'aikatan dabbobi baya ba da hakki ba. Da yake kwalba ɗaya takan ishi kaji fiye da waɗanda gida guda yake da su, kuma idan an haɗa ta ba ta daɗewa, hanya mafi sauƙi ita ce maƙwabta su haɗa kuɗi su sa rana ɗaya. Yin hakan yana da wata fa'ida ta daban, wato kajin unguwar da suke kiwo a juji ɗaya duk sun samu kariya tare.

Akwai kuma kuɗin da ake zubarwa a banza. Al'ada ce idan kaji suka fara ciwo a fasa kafso na mutane a zuba musu a ruwa, ko a jiƙa barkono da sassaƙe. Magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya ba sa taɓa ƙwayar bairos irin ta Niyukasil ko ta Gumboro, wadda ita kuma takan auka wa 'yan tsaki masu mako uku zuwa shida. Bugu da ƙari, ragowar irin waɗannan magunguna tana zama a cikin ƙwai da nama na wasu kwanaki, shi ya sa ake rubuta wa'adin da za a jira kafin a sayar a jikin kowane maganin dabbobi na ƙwarai.

Riga-kafi kuwa ba ya rufe aibin mummunan makwanci. Akurkin gargajiya na laka, mai ƙaramar ƙofa guda wadda ake toshewa da dutse, yana kare kaji daga muzuru da tunku, amma ba iska ke shiga cikinsa ba, hannu ma da kyar yake kaiwa ƙuryarsa balle tsintsiya. A nan ƙuma da ƙwarƙwata da kaska suke samun mafaka a cikin tsagogin bango, su fito da dare su sha jinin kaji, har kaza mai kwanci ta gudu ta bar ƙwanta. Gyaran bai kai tsadar da ake zato ba: a faɗaɗa ƙofa yadda za a iya sharewa, a huda tagogi a sama a rufe su da waya, a yaɓe tsagogi a shafa farar ƙasa, a gindaya sanduna domin kaji su hau su kwana nesa da kashinsu. A waje kuma a tanadi wurin da aka zuba toka da yashi, domin birgimar da kaji suke yi a ciki ita ce wankansu.

Ga mai gina ɗakin kaji na zamani, ƙa'idar da gidajen gona suke bi ita ce tsawon ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma don kada rana ta riƙa dukan gefensa, bango ya tsaya gajere, sauran a cike da waya har zuwa rufi, rufin kuma ya zarce bango sosai saboda feshin ruwan sama. Manyan kaji huɗu zuwa biyar ne suke isar murabba'in mita ɗaya. Wanda ya cusa goma don ya rage kuɗin gini zai biya bambancin ta hanyar tsattsagar juna da zafi da ciwo. A ƙasa ana shimfiɗa dusar katako ko ɓuntun shinkafa mai kaurin yatsu huɗu, ana motsa shi, ana kwashe inda ya jiƙe. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ce gidan cutar da ke sa kashin jini, kuma idan mutum ya shiga ɗaki ya ji wari yana yaji a idonsa, to huhun kajin ya daɗe yana shan wannan azaba. Da hunturu akan rataya buhuna a gefen da iska take bugowa, amma ba a toshe ɗakin ruf ba. Shimfiɗar da aka kwashe ma ba shara ba ce, manoman fadama da masu lambu suna sayenta buhu-buhu.

Mafi yawan hasarar kajin gida, idan aka cire annoba, a makonnin farko na rayuwa take faruwa. Kazar Hausa takan yi ƙwai goma zuwa goma sha biyar, ta kwanta a kansu kwana 21, ta ƙyanƙyashe mafi yawansu, sannan ta fita da su yawo inda shirwa da sanyin safiya da kwata suke rage su ɗaya bayan ɗaya. Killace uwa da 'ya'yanta na mako huɗu zuwa shida a ƙarƙashin babban kwando ko cikin keji, tare da tsaki da dusa da ɗan tunkuza da ruwa a mazubi marar zurfi, ya isa ya sauya lissafin gida baki ɗaya. Wanda ya sayo 'yan tsakin kwana ɗaya daga kamfani kuwa, shi ne uwarsu. Suna buƙatar ɗumi na kimanin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos a makon farko, ana ragewa sannu a hankali. Ko babu ma'auni su da kansu za su faɗa: idan sun cunkushe a gindin fitila sanyi suke ji, idan sun watse sun manne da bango zafi ya yi yawa. Masu amfani da tukunyar gawayi su bar kafar iska, domin hayaƙin da ba a gani yana iya kashe ɗaki guda cikin dare.

Dalilin da ya sa waɗannan ƙananan abubuwa suke da nauyi a aljihu yana fitowa fili idan aka yi lissafi. Abinci shi ne yake cin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo. Kaza mai ƙwai tana cin kimanin giram 120 a rana, ke nan kaji 50 suna cinye kilo 6, buhu mai kilo 25 kuma ba ya wuce kwana huɗu. Idan suna cikin ƙoshin lafiya za a iya tsintar ƙwai 40 a rana. Idan zafi ko cunkoso ko ƙarancin ruwa ya sauko da su zuwa 30, an rasa kiret 10 a wata, alhali kuɗin abincin bai ragu da abin kirki ba. Ruwa musamman ba abin wasa ba ne, domin kaza tana shan kusan ninki biyu na nauyin abin da take ci, fiye da haka ma a watannin Maris da Afrilu. Masarar da ta yi hunhuna kuma, ko da an same ta da araha, tana ɗauke da guba mai lalata hanta da raunana garkuwar jiki.

Zaɓin iri ya faɗaɗa a 'yan shekarun nan. Akwai Shika Brown, kazar ƙwai da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, Zariya, ta samar, da FUNAAB Alpha ta Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta, da kuma Noiler wadda ta karɓu a gidaje saboda tana iya haɗa kiwon waje da abincin buhu. Dukkansu sun fi kazar gida saurin girma ko yawan ƙwai, amma babu wadda ta fi ƙarfin Niyukasil a cikinsu, kuma da yake kuɗin sayensu ya fi yawa, faɗuwar ma ta fi zafi.

Akwai mutuwar da ba ta tsaya ga aljihun mai kaji kaɗai ba. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, ta kuma sake dawowa a farkon 2015 ta Kano da Legas. Alamunta suna kama da na Niyukasil ta yadda sai a ɗakin gwaji ake iya rarrabewa, ga shi kuma tana iya kama mutum. Saboda haka idan kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, musamman idan ƙoro da ƙafafu sun canza launi ko fuska ta kumbura, ba a yanka su a ci, ba a kai ragowar kasuwa, ba a kuma jefa mushen a juji inda karnuka da kajin maƙwabta za su same shi. Ana binne shi cikin rami mai zurfi ko a ƙone, a hana shiga da fita, sannan a sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha ba tare da jinkiri ba.