Wa Ya Ɗaga Ƙafar?

Ga wata kacici-kacici. In yara biyu suka kaure da wasan faɗa a bakin kasuwar Yelwa, ko a rairayin bakin ruwa a Wara, ba a daɗewa ɗaya zai juya, ya cilla ƙafa saitin kunnen ɗan'uwansa, ya yi ƙara, ya ce Chanis yake yi. Kowa ya yarda da sunan. Amma mutumin da ya fi kowa yaɗa wannan shuri a duniya, Bruce Lee, ya yi karatunsa ne a makarantar da ba a ɗaga ƙafa ta wuce ƙugu. To daga ina shurin ya fito? Ku biyo ni, kuma kada a yi saurin kama kowa.

Kafin mu tsallaka teku, bari mu binciki gida. Ko yaran nan a filin dambe suka gani? Zargin yana da madafa, domin dambe ya halatta shuri, kuma akwai 'yan damben da ƙafarsu ta fi hannun da suka naɗe ban tsoro. Sai dai doka ta ɗaure ɗan dambe: gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi, wasa ya ƙare. Wanda ya san haka ba ya wasa da ƙafar da yake tsaye a kanta. Yakan yi shuri ya janye da sauri, idonsa na kan hannun abokin karawa. Juyi da tsalle da ba da baya ba tarbiyyar mahauta ba ce. Mu sallami dambe. Mu nufi Hong Kong.

A can za mu tarar da wani dattijo siriri, Ip Man, mutumin Foshan, wanda ya koma Hong Kong a 1949 yana koyar da salon Wing Chun. Shi ne malamin Bruce Lee a shekarun 1950. In akwai wanda ya kamata a fara tuhuma, ai malami ne. Amma ku dubi kayan aikinsa. A makarantar Wing Chun akwai mutum-mutumin katako da almajirai ke bugu: hannuwa 3, ƙafa 1 lanƙwasasshiya a ƙasa. Shurin salon da dunduniya ake yinsa, a ƙwauri, a gwiwa, a mara, lokacin da hannuwa suka ɗauke wa abokin gaba hankali. Ba a ganin zuwansa. Ba don a gani aka yi shi ba. Dattijon ya kuɓuta, amma ya bar mu da wata tambayar: me ya sa mutanen kudancin Sin suke rowar ƙafa haka?

Sinawa da kansu suna da karin magana a kan cewa naushi na kudu ne, ƙafa ta arewa. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne kudu ƙasar ruwa ce, ta fadamun shinkafa da lunguna da jiragen ruwa. Wannan bayani ne da mutumin Yauri zai iya gwadawa da kansa ba tare da ya buɗe littafi ba. Dubi Basarke yana jefa birgi daga kwalekwale a tafkin Kainji, ko Bagunge yana tuƙi a tsaye ranar Rigata. Ƙafa biyu a kafe, gwiwa a sassauce, ƙarfin duka daga ƙugu yake tasowa. Ce masa ya ɗaga ƙafa ɗaya har kai, ka ga inda zai kwana. Masu Wing Chun ma suna ba da labarin cewa salon nasu ya ratso ta hannun wasu 'yan wasan kwaikwayo da ke yawo a jajayen jiragen ruwa a kogunan Guangdong, kuma doguwar gorar da suke faɗa da ita daga wani matuƙin jirgi ta samo asali. Ku riƙe 'yan wasan nan a zuciya. Za mu sake haɗuwa da su.

Kun lura bayanin jirgi ƙara dagula lissafi ya yi? Finafinan da suka cika silimomin Kano da gidajen kallo na garuruwanmu a Hong Kong aka yi su. Kudu ke nan. Ƙasar naushi ita ce ta sayar wa duniya ƙafa.

To, arewa. Nan kam na so a ce an kama ɓarawo, domin labarin yana da daɗi ga kunnen Musulmi. Akwai salon Tantui, na fizgar ƙafa daga gwiwa, da salon Chaquan na lardin Shandong, waɗanda aka fi sani a hannun Musulmin Sin, ƙabilar Hui. Shahararren gwaninsu Wang Ziping, mutumin Cangzhou, ya rayu daga 1881 zuwa 1973. 'Yan arewa suna miƙa ƙafa, suna tsalle, suna juyi a iska, kuma Bruce Lee ya ɗan tsinci wasu darussansu kafin ya tafi Amurka a 1959. Saboda haka arewa tana da hannu. Sai dai ginshiƙin Tantui ma shuri ne mai gudu a tsayin gwiwa ko ƙugu, kuma abin da Lee ya tsinta bai sauya masa ra'ayi ba. Ya isa Amurka yana ganin ƙwauri da gwiwa su ne abincin ƙafa.

Shaolin fa? Nan kowa zai nuna. Gidan ibadar tsoho ne, tun shekara ta 495 yake a lardin Henan. Amma sojoji sun ƙona shi a 1928, Lee bai taɓa karatu a cikinsa ba, kuma fim ɗin Jet Li da ya dawo masa da suna a 1982 ya fito. Lee ya mutu a Yulin 1973. Wanda ya iso bayan an yi jana'iza ba a tambayarsa yadda aka yi.

Waɗanda ake zargi sun ƙare. Ban da dambe, duk Sinawa ne. Can ne kuskuren yake.

Shekarar 1964. Long Beach, a jihar Kalifoniya. Gasar kareti. Lee ya zo nuna gwanintarsa. A cikin mahalarta akwai wani gajeren mutum mai makaranta a birnin Washington. Sunansa Jhoon Rhee. Ba Basine ba ne.

Ɗan Koriya ne, malamin taekwondo.

Su biyun suka ƙulla abota ta musaya. Rhee ya zauna da Lee a kan shurin gefe, yadda ake juya ƙugu da ƙafar tsayuwa har dunduniya ta fita a miƙe. Lee kuma ya nuna masa naushin da ba ya sanar da zuwansa, wanda daga baya Rhee ya koya wa Muhammad Ali. Sai ga shaida na biyu, Chuck Norris, mai jan gashin ƙirji da Lee ya kashe a tsohon filin wasa na birnin Rum a fim ɗin Way of the Dragon na 1972. Norris ya sha ba da labarin cewa da suka fara atisaye tare, Lee bai yarda da shurin da ya wuce ƙugu ba, shi ya yi ta ja da shi a kan cewa ya kamata ƙafa ta iya kaiwa ko'ina. Kuma ina Norris ya koyi nasa? A Koriya ta Kudu, lokacin da yake sojan saman Amurka a sansanin Osan.

Da zarar ka samu wannan zaren, sai ka ga ya ratsa duk kasuwar. A 1972 kamfanin fim na Golden Harvest ya kawo malaman hapkido na Koriya, Ji Han-jae da Hwang In-shik, waɗanda suka horar da 'yan fim Angela Mao da Sammo Hung. Sannan ga wanda ya fi burge ni. Ku tuna Drunken Master na 1978, wanda babu tsohon ɗan kallo da bai haddace shi ba. Jackie Chan ya fito a matsayin Wong Fei-hung, gwarzon kudancin Sin na gaske. Bos ɗin nan mai gashin baki, wanda yake sakin shuri uku kafin ƙafarsa ta sauka, Hwang Jang-lee ne, ɗan Koriya, gwanin taekwondo. Muna ta ihu muna cewa Chanis ya iya ƙafa, alhali mai ƙafar baƙo ne a Hong Kong.

Dalilin Koriyawa ba asiri ba ne, doka ce. Gasar taekwondo ta hana naushi a fuska, ta halatta shuri a kai, ta sa wa 'yan wasa sulken ƙirji. Dokar dambe ta riƙe ƙafa a ƙasa, wannan ta tura ta sama.

Saura mutum ɗaya: wanda ya buɗe wa baƙon ƙofa. Kun tuna 'yan wasan cikin jirgi? Mahaifin Bruce Lee, Lee Hoi-chuen, ɗan wasan kwaikwayon gargajiya ne na waƙa da rawa. Jackie Chan yana ɗan shekara 7 aka kai shi makarantar irin wannan wasa ta Yu Jim-yuen, inda shi da Sammo Hung da Yuen Biao suka shafe yarintarsu suna miƙa jijiya da alkafura. A kan dandamali, shurin ƙwauri ba shi da amfani, domin na layin baya ba zai gani ba. Dole ƙafa ta tashi. Kyamara ta gaji wannan buƙata, Hong Kong kuma tana da samarin da jikinsu ya riga ya horu da ita. Da Koriyawa suka iso da ƙafa mai nauyi da saiti, sun tarar da gida a share.

Ni dai ina ganin an zalunci shurin Sinawa na ainihi, gajeren nan mai karya gwiwa, domin fim ya rufe shi da abin da ya fi shi kyan kallo. Shi kuwa dogon shurin, a sunansa na gaskiya ya kawo lambobi yankinmu. Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a taekwondo a gasar Olamfik ta 2008, kuma a Beijin aka yi ta. Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ya ɗauki azurfa a Rio a 2016, a shekarar da ta biyo ya je Muju, a Koriya ta Kudu, ya zama zakaran duniya.