Ciwon Ɓarin Kai Ba Mugun Jini Ba Ne

'Yan'uwa manoma, a tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai a Dutsin-Ma da Kurfi mun sha jin wannan kuka. Mace tana tsakiyar shuka, sai ɓari guda na kanta ya soma sara, zuciyarta na tashi, ba ta son haske ko hayaniya. Ta kwana ɗaya ko biyu a ɗaka, ga ruwa ya sauka, shuka ba ta jira. Maza ma yana kama su, amma mata sun ninka su wajen sau uku. Waɗansu su ce iska ce, waɗansu su ce mugun jini, a kirawo wanzami ya kafa ƙaho.

Kada mu yi musu dariya, gama likitoci ma sun daɗe suna zargin jini. A 1938 wani likitan Amurka, Harold Wolff, da abokin aikinsa suka nuna cewa maganin da ke tsuke jijiyoyin jini yana sauƙaƙa ciwon. Aka yi shekaru ana cewa buɗewarsu ce tushen cutar.

To, jijiya iri biyu ce: mai kai jini, da mai kai saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. Tun 1873 Edward Liveing na Ingila ya kwatanta ciwon da hadari mai tasowa cikin ta biyun. A 1944 kuma Aristides Leão, mutumin Birazil, ya gani a ƙwaƙwalwar zomo wani hargitsi yana yaɗuwa sannu, wajen milimita 3 a minti, kamar wuta a ƙaiƙayi. Ana ganin shi ke sa wasu ganin walƙiya-walƙiya kafin kan ya sara. Yau masana sun fi karkata ga wannan: abin daga ƙwaƙwalwa yake farawa, ya tsokani babbar jijiyar ji mai rassa uku, ta goshi da kunci da muƙamuƙi. A 2018 Amurka ta yarda da allurar da ke tare sinadarin da jijiyar ke saki, amma tana da tsada ƙwarai.

Ke nan ƙaho ba shi da abin da zai zuƙo. Abin da ke tayar da ciwon sau da yawa shi ne rashin barci, yunwa, ƙishirwa da ƙyallin rana. Masu noman rani a Zobe, ku tafi da gorar ruwa da malafa, kada ku fita ba ku karya kumallo ba. Shan ƙwayar ciwon kai kusan kullum shi ma yana ƙara ciwon.

Amma in ciwon kai ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman da bazara, ku tuna da sanƙarau. Mai ciki kuma in kanta ya matsa mata, mai yiwuwa hawan jini ne. Waɗannan a kai su asibiti ran nan.