Rumbu Cike, Ƙwarya Wayam: Awon Sinadarin Maza

A ƙauyukan da ke kewaye da tafkin Madarumfa, idan ka tambayi magidanci ko yana da abinci, zai lissafa maka dami nawa ya ɗaure bana. Uwargida kuwa ba ruwanta da lissafin dami. Ita dai tsabar da ke cikin ƙwarya ta sani, wadda za ta shiga turmi yau. Wanda ya gane wannan ya gane abin da likitoci ke fama da shi wajen awon testosteron, sinadarin nan da ƴaƴan maraina ke yi, mai buɗe muryar yaro, ya tsiro masa gemu, ya ƙarfafa ƙashi da tsoka, ya kuma tada sha'awa. Tun 1935 masana suka tace shi a Amsterdam, amma har yau auna shi sai an yi hattara.

Jinin namiji gida ne mai ma'aji uku. Kusan rabin sinadarin yana hannun wani furotin da hanta ke yi, ana ce masa SHBG. Wannan shi ne rumbun da aka liƙe bakinsa da laka: hatsi na ciki, amma ba mai ci yau. Wani babban kaso yana jingine da wani furotin mai suna albumin, kamar damin da ke tsakar gida, igiyarsa sako-sako, ana bukata a warware a sussuke. Sai ɗan kaɗan, wajen kashi 2 cikin 100, wanda ke yawo a sake. Shi ne tsabar ƙwarya, shi ke shiga tsoka da ƙwaƙwalwa ya yi aiki.

Awon da aka fi yi, jimilla yake ba da: rumbu da dami da tsaba a haɗe. Ga yawancin maza hakan ya wadatar. Sai dai rumbun kowa da girmansa. Tsufa, ciwon hanta da wasu magungunan farfaɗiya kan ƙara SHBG, sai takarda ta nuna dukiya alhali ƙwarya wayam, mutum na ta kasala. Ƙiba da ciwon suga kuwa rage shi suke, sai jimilla ta faɗi ƙasa, amma tsabar da ake ci ba ta ragu sosai ba. Na farko a ce masa lafiyarsa lau, na biyu a ɗora shi kan allurar testosteron da ba ya bukata. Duka biyun an cuce su.

To yaya za a auna tsabar ita kaɗai? Hanya mafi inganci tankaɗe ce. Ana zuba ruwan jini a gefe ɗaya na wata rariya mai ƙananan idanu, a bar shi sa'o'i a ɗumi irin na jikin mutum. Abin da ke ɗaure da furotin ya yi girma, ba ya wucewa. Na sake kaɗai ke ratsawa, sai a auna shi. Aikin yana da tsada da jinkiri, ko a Turai ba kowane ɗakin awo ke yin sa ba.

Akwai kuma awon gaggawa mai araha da ke cewa yana auna na sake kai tsaye. Shi kam kamar dillalin da ke duban buhu ya ce tiya ashirin ce, ba tare da ya taɓa tiya ba. Ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2018, ta ce kada a dogara da shi.

Hanya ta uku ita ta fi dacewa da mu: lissafi. A 1999 Farfesa Vermeulen da abokan aikinsa a Beljiyam suka nuna cewa idan an san jimilla, an san SHBG da albumin, ana iya fitar da na sake, kuma amsar ba ta nisa da ta rariya. Manomi ma haka yake yi: ya san abin da ya girbe, ya san abin da ya rufe, saura shi ne na ci. Saboda haka wanda ya tashi daga Madarumfa zuwa Maraɗi, Yamai ko Kano don awo, ya tambayi likita ko za a haɗa masa da SHBG.

Lokaci ma yana da magana. Kafin a fara magani, da safe ake ɗibar jini, kafin karin kumallo, kuma sau biyu a ranaku daban, domin sinadarin da safe yake sama, da yamma ya sauka. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar, ya bari sai ya warke. Ga mai karɓar allura kuwa, washegarin allura kaka ce, ranar ƙarshe kuma tsakiyar damina. Mai allurar mako biyu, a tsakiyar kwanakin ake auna shi. Mai ta wata uku, dab da sabuwar allura. Ya riƙe ɗakin awo guda, don tiyar wata kasuwa ba ita ce ta wata ba.

Abin da ya fi damuna shi ne masu sayen maganin ƙarfin maza ba awo. Gidan da ake ta kawo wa buhu daga waje, gonarsa kwanciya take. Jiki ma haka: da ya ji testosteron na shigowa, sai maraina su rage aiki, maniyyi ya ragu, wani lokaci har haihuwa ta tsaya. Jini kuma kan yi kauri, shi ya sa likita ke duba shi a kai a kai, ya dakatar da allura idan kaurin ya wuce kima. Mai son ƙarin ƴaƴa ya faɗa wa likita tun kafin allura ta farko, kuma kada ya yarda a ƙara masa ko a rage sai an san wane awo aka yi, da wace rana aka ɗibi jinin.